Amsoshin tambayoyinku: zowa ta rufe ido, me zan saya ta farfaɗo?

Salamu alaikum jama'a. Satin nan tambayoyin da suka shigo kusan duk akan abu ɗaya suke, wato murjanin nan da masu tankin ruwan gishiri ke ce ma zowa, cikakken sunanta zowantid. Inaga zafin watan Maris ne ya tona asirin tankuna da yawa a nan Ankara, tamu ta Gana nake nufi ba ta Turkiyya ba, dan kowa kuka ɗaya yake, sun rufe, sun ƙi buɗewa, me zan saya.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, wasu ƙananan halittu ne masu kama da fure, kowane kai bai fi maɓallin riga ba, suna shimfiɗuwa akan dutse kamar tabarma, kore, ruwan lemu, ja, shuɗi. Dabba ce fa ba tsiro ba. A cikin naman jikinta akwai wata gansakuka mitsitsiya da ido baya gani, ita ke amfani da haske ta haɗa mata yawancin abincinta. Ku riƙe wannan a ranku dan zamu dawo kansa.

Tambayar farko daga wani ƙanina ne a Nima, kuma ita zan fi daɗewa a kai.

"Yaya, wana ya tafi Jamus ya bar min tankinsa mai lita 200. Wata bakwai kenan ban yi masa komai ba sai dai in ba kifi abinci, in naga ruwa ya ragu sosai in ƙara na famfo. Yanzu zowa duk sun rufe, gansakuka kamar gashi ta lulluɓe su, waɗanda ke ɗan leƙowa sun koma ruwan ƙasa. Yace zai zo bayan babbar sallah kuma wallahi kunya nake ji. Na haɗa sidi 3,000, wani abokina yace fitilar ce ta tsufa in sayi sabuwa. In saya?"

Ƙanina kar ka saya. Ka ajiye maganar fitila gefe tukuna, abokin naka ba mugunta yake maka ba amma in ka bi shawararsa kuɗin zasu tafi kuma zowar ma ta bi su. Ruwa baya tsami banza, kuma a tankinka ruwan ne yayi tsami, ba hasken ba.

Kafin ka kashe ko fesuwa ɗaya, ka fara duba ko suna da rai. Ka samu sirinji babba mara allura, ka ja ruwan tankin ka ɗan fesa musu a hankali. Wanda ya rufe amma yana nan daram kamar ƙwayar wake, naman da ya haɗa kawunan kuma yana manne da dutse, to wannan da ransa, fushi kawai yake. Wanda ka fesa ma ruwa kaga yana zagwanyewa yana tashi kamar majina, wannan ya tafi, sai haƙuri. Zowa na iya yin makonni a rufe ta dawo ta buɗe kamar ba'a yi komai ba, shi yasa ma ake ce ma sabon shiga ya fara da ita. Kar ka yanke ƙauna dan kawai baka ga kala ba.

Yanzu me ya faru a wata bakwai ɗin nan. Ruwa in ya ƙafe ruwan ne kawai ke tashi, gishiri da duk wani datti suna nan. Kai kuma kana bari sai ya ragu sosai sannan ka juye na famfo a lokaci ɗaya, kaga gishirin yana hawa yana sauka kenan kamar farashin dala. Na biyu shi ruwan famfon kansa, a wurinmu mutane lafiya lau ne, amma yana ɗauke da kulorin, fosfet, silika, wani lokaci har da burbushin ƙarfe daga bututu ko tankin da ake tara shi, kuma duk ƙarin da kayi sabon kaya ka zuba akan na da. Wata bakwai ana tarawa ba'a kwashewa. Wannan shine takin da gansakukar ta samu ta yi gashi. Ruwan ƙasan da kaga sun koma kuwa, gansakukar nan ta cikin jikinsu da na faɗa ce ta yi yawa saboda taki ya mata yawa, ta rufe kalar. Wannan ba mugun labari bane. Mugun labari shine kaga sun yi fari fes, ma'ana sun amayar da ita gaba ɗaya, yunwa ce zata biyo baya. Kuma hanya mafi sauri da zaka mayar da ruwan ƙasa ya koma fari ita ce ka ɗauko sabuwar fitila mai ƙarfi ka haska ma murjanin da ya galabaita. Kamar mutum ne ya sha jinya wata bakwai a ɗaki ka fito da shi ka tsayar a shataletalen Circle ƙarfe ɗaya na rana.

To ga yadda ni zan kashe kuɗin in nawa ne. Abu na farko rifraktomita, ɗan abin nan kamar tocila da ake ɗiga ruwa a leƙa a ga yawan gishiri, kuma ka haɗa da ruwan saita shi mai lamba 35, dan in ba'a saita shi ba ƙarya zai dinga maka da fuska a sake. Ma'aunin gishiri na roba mai allura da ke lilo yafi araha amma kumfa ɗaya in ta maƙale a allurar ta canza lissafi. Abin da kake nema a ma'aunin gishirin shine 1.025 zuwa 1.026. Abu na biyu ruwa mai tsafta, wanda aka tace da injin RO, da ɗan alƙalamin TDS da ke nuna yawan abin da ya narke a ruwa. In kuɗin zasu kai ka sayi ƙaramin injin RO ɗin kanka, wanda ke da matatar DI a ƙarshe, mai kwashe ɗan abin da ya rage a ruwan, abin da ke fitowa ya nuna 0 ko kusa da haka, to shine sayayya mafi amfani da zaka yi ma wan naka. Na uku gishirin tanki na gaske, Red Sea, Instant Ocean, Tropic Marin, Aquaforest, duk wanda ka samu a cikinsu yayi, kawai ka tsaya akan ɗaya kar ka dinga tsalle. Na huɗu kayan gwaji guda uku kacal, KH wato ma'aunin kabonet ɗin ruwa, sai naitiret da fosfet wato takin nan da ke taruwa, na kamfanin Salifert sun isheka, ka duba kwanan watan lalacewa a kwalin dan wasu sun kwana biyu a shago. Canjin da ya rage ka sayi ma'aunin zafi, gawayin tace ruwa na akwariyom, safar hannu da gilashin kare ido. Gawayin akwariyom nace fa, ba na kurfoti ba.

Sai aikin. Nan ne mutane ke kwafsawa, mutum ya ga laifinsa sai ya tashi rana ɗaya ya kwashe ruwan duka ya wanke duwatsu ya zuba sabo, washegari ya tarar komai ya mutu yace ai dama sun riga sun lalace. A'a, kai ka ƙarasa su. Halittun nan sun saba da mummunan ruwan a hankali, dole fita daga cikinsa ma ya zama a hankali. Canza lita 20 zuwa 30 duk sati ya isa a tanki mai lita 200. Lita 20 zata ci gishiri wajen giram 750 zuwa 800, ka kaɗa shi a bokiti mai tsafta wanda omo bai taɓa shiga ba, ka barshi ya kwana da ɗan injin kaɗa ruwa a ciki, ka auna sannan ka zuba. In ka tarar gishirin tankin yayi nisa da inda ya kamata, kar ka gyara fiye da 0.001 a rana. KH kana son ta zauna wajen 8 zuwa 9, kuma ita ma kar ta motsa fiye da 1 a rana. Ka sa alama da maka a jikin gilashi, kullum da safe ka cika zuwa alamar da ruwan RO zalla mara gishiri. Wannan ɗan aikin na minti biyu yafi duk wata kwalba da za'a sayar maka.

Gansakukar gashin kuwa hannu take so. Ka sa safa da gilashi, ka ciro dutsen cikin bokitin ruwan tanki, ka tsittsige da hantsaki, tsakanin kawunan ka bi da buroshin haƙori mai laushi a ƙarƙashin ruwa, kar ka goge shi a iska yana fallatsi. In ta yi taurin kai, ni abin da nake yi shine haidirojin feroksaid na kemis mai kashi 3 cikin 100, awo ɗaya a cikin awo huɗu na ruwan tanki, in tsoma minti uku, in ɗauraye a wani bokitin in mayar. Zaka ga kumfa na tashi, bayan kwana biyu uku gashin ya yi fari ya zube. Zowa na jure wannan fiye da yawancin murjani, amma ka gwada da ɗan guntu ɗaya tukuna ka jira kwana uku. Kuma ka juya injin kaɗa ruwa yadda zaka ga gefen kawunan na ɗan rawa, ba ruwa na dukansu kai tsaye ba, ba kuma lungun da datti ke kwanciya a kansu ba.

Wani abu kuma, kar zafin nama ya sa ka ce sai ka mayar da naitiret da fosfet sifili. Zowa bata son ruwan da ya yi tsafta fiye da kima. Naitiret 5 zuwa 10, fosfet 0.03 zuwa 0.1, a nan take ƙiba. In ka share su tas wata masifar ce zata shigo, wata yauƙi ruwan ƙasa mai kumfa da ake ce ma daino, wadda gansakukar gashi wasa ce a kanta.

Fitilar fa? Ka kashe ta ka goge gilashinta da tsumma mai ɗan laima, zaka sha mamakin ƙurar hunturu da busasshen gishirin da suka taru a kai. In LED ce shekaru take yi. In dogon kwan T5 ne to shi kam duk kamar shekara ake canzawa, shima ɗaya bayan ɗaya ba duka rana guda ba. Alamar da zata nuna maka haske ya yi kaɗan ita ce in sun buɗe kaga wuyansu na miƙewa dogo suna neman sama. Sai kaga haka mu yi maganar fitila. A lissafina sati biyu zuwa uku zaka fara ganin suna leƙowa, wata biyu zuwa uku kaga sabbin ƙananan kawuna a gefe. Kuma shawara ta tsakani da Allah, ka kira wanka ka faɗa masa gaskiya tun yanzu, shi ya san irin gishirin da yake amfani da shi da awa nawa yake kunna fitila, faɗan minti biyar ne a WhatsApp ya wuce.

Ta biyu daga wata Hajiya ce a Madina, kuma da na karanta sai da gabana ya faɗi.

"Ɗana yana da tankin nan na kifi, yace duwatsun sun yi datti da wasu abubuwa kamar fure da suka mamaye, yana so in ara masa babbar tukunyata ta biki ya tafasa su. Ni ƙyanƙyami nake, nace gara in saya masa tasa. Ta alminiyom zan saya ko ta ƙarfe?"

Hajiya Allah ya ƙara girma, Allah ne ya sa ƙyanƙyamin nan ya hana ki. Kar ki ara masa, kar ki saya masa, kuma dan Allah yau ɗin nan ki ce masa nace kar ya kuskura ya tafasa dutsen ko ya zuba masa ruwan zafi ko ya kankare shi da buroshin ƙarfe. Wasu daga cikin dangin zowa, musamman manyan nan masu ruwan ƙasa ko kore da ake ce ma Palythoa, waɗanda dama su ne masu mamaye dutse, suna ɗauke da dafi mai suna palytoxin, yana cikin dafi mafi ƙarfi da aka sani a duniya. A 1971 ne masana biyu na jami'ar Hawai, Moore da Scheuer, suka fara ware shi daga wata zowa da ke wani ɗan kududdufi a bakin teku kusa da Hana a tsibirin Maui, wadda mutanen wurin tun da can suke ba da labarin cewa mayaƙa na shafa ta a bakin mashi. Tafasa bata kashe shi, tururin ne ma ke ɗauko shi ya kai huhu. Hukumar CDC ta Amurka ta fitar da rahoto a 2015 akan mutanen da suka kamu a jihar Alaska, a gidaje da shagunan kifi, ta hanyar shaƙa. Kuma har yau bashi da makari, sai dai asibiti su tallafi numfashi da jiki har ya fita.

Ki duba irin gidajenmu Hajiya, tsakar gida ɗaya, murhu kusa da murhu, yara na wasa, wata na tuƙa tuwo a gefe. Tukunya ɗaya zata iya kwantar da gida guda. Alamominsa ɗaci ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, tari, ƙirji ya riƙe, zazzaɓi da rawar ɗari, ciwon jiki, in ya shiga ido kuma ja da raɗaɗi mai tsanani da kan iya taɓa gani. Kin ga da yawansu sun yi kama da maleriya, shi yasa duk wanda ya taɓa tanki ya ji haka ya tafi asibiti nan take, ya rubuta sunan dafin a takarda ya nuna ma likita, yace murjani ya taɓa. In ido ne a fara wanke shi da ruwa mai yawa tun kafin a fita.

Ba kowace zowa ke da shi da yawa ba, amma ido baya rabewa, dan haka dukkansu ake ɗauka kamar suna da shi. Kuɗin tukunyar ki saya masa doguwar safar hannu ta roba, gilashin kare ido da takunkumi. In dutsen yake so ya kashe abin da ke kai gaba ɗaya, ya fitar da shi waje inda iska ke kaɗawa, ya nutsar a bokitin ruwan sanyi da farazon, wato bilicin wanki mai kulorin, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa, ya rufe ya barshi, kar ya haɗa farazon da komai, kuma bokitin ya zama na wannan aikin kaɗai har abada. Dutsen kuma ba zai koma tanki ba sai an ɗauraye shi sosai da maganin cire kulorin an shanya shi ya bushe ƙamas.

Wani ɗan'uwa daga Mamobi yace: "Cale, gishirin nan tsada. Teku na nan kyauta a Labadi da Jamestown, in ɗauki galan ɗin Kufuor, jarkokin nan masu ruwan ɗorawa, huɗu in cika mana? Ko in sayi gishirin Ada buhu guda?"

Banza bata kai zomo kasuwa ɗan'uwa. Gishirin Ada na miya ne, kusan sodiyom kuloraid ne zalla, babu kalsiyom da magniziyom da kabonet ɗin da ruwan teku ke da su a ma'aunin da ya dace, in ka zuba shi ka gama da tankin. Ruwan bakin teku kuma, kai ma ka san abin da kogin Odaw ke kwasowa ya zuba a tafkin Korle, Korle ta miƙa ma teku, ga kwatoci, ga leda, in damina ta sauka ma gishirin kansa raguwa yake a gaɓa. Murjanin da ke jinya ba shi zaka ba wannan ba. Gaskiya ne akwai masu amfani da ruwan teku na asali kuma yana musu aiki, amma daga can ciki ake ɗebowa nesa da gari, a tace, a auna. In kana da masunci a Tema da zai ɗebo maka daga can kuma ka yarda ba zai haɗa shi da man injin kwalekwale ba, to wannan wata magana ce. Shi kuma galan ɗin ka tuna man girki ya fara ɗauka kafin ya zo hannunka.

Tunda muna kan ruwa, masu tambaya akan piya wata: jaka ɗaya ƙulli 30 ne, lita 15 kenan, wasu kamfanonin da RO suke tacewa wasu kuma a'a. Alƙalamin TDS ne alƙali. In ya nuna ƙasa da 10 zai rufa asiri kafin ka samu injinka, in ya nuna 60 ko 100 ka sha abinka.

Sai wata ƙanwata daga Sabon Zango: "Kuɗina na abu ɗaya ne, injin sanyaya ruwa ko inbata da batir? Tankina na kai 30 da rana."

Inbata, ko ma abin da bai kai inbata ba. Bari in baki labarina. A 2015 lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya kai maƙura aka ɗauke mana wuta tun magariba, ina da injin sanyaya ruwa mai tsada zaune a ƙarƙashin tanki kamar sarki, amma ba abin da zai motsa ruwan. Kafin asuba kifi biyar sun mutu, mushensu ya ɓata ruwan, zowa da na yi shekara biyu ina tarawa suka narke cikin kwana uku. Ba zafi ne ya fara kashe su ba, iska ce ta ƙare a ruwan, dan ruwa mai ɗumi dama iskar da yake riƙewa kaɗan ce, in ya tsaya cik kuma shikenan. Zowa zata yi kwana biyu uku ba haske bata damu ba, amma ruwa ya tsaya dare ɗaya a zafin nan ana iya yin asara. Injin kaɗa ruwa ƙarami wat kaɗan yake ci, batir ɗaya zai riƙe shi awanni da yawa, shi kuwa na sanyaya ruwa ɗaruruwan wat yake ja, mitar firifed ɗinki zata faɗa miki. Ko ɗan famfon iska mai batir ki ajiye a durowa, shima ya ceci tankuna.

Zafin kuma, ana son digiri 25 zuwa 27, 28 ana lallaɓawa, 30 kullum yayi yawa. Ki cire murfin, ki ɗaura ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, tana sauke digiri ɗaya zuwa biyu, da hunturu ma fiye, sai dai ruwa zai dinga ƙafewa da sauri sai ki dage da cikawa. Ki mayar da lokacin fitila yamma zuwa dare, ki ja tankin daga jikin taga. Ranar da abin ya ƙi, robar ruwa mai ƙanƙara a rufe ki jefa ciki, ɗaya bayan ɗaya. In kin yi duk wannan har yanzu yana wuce 29, to ki fara adashin injin. Hita kuwa a Ankara, sai dai mai kwana da AC.

Daga Aboabo a Kumasi wani Alhaji ya rubuto: "Wani a Ankara zai bar harkar, yana sayar da dutse uku cike da zowa a rufe, rabin kuɗi. Ko in ƙara in sayi ƙananan yanka masu lafiya masu suna?"

Alhaji ya danganta da abu ɗaya, kana da wani ƙaramin tanki na daban? In kana da shi, ko na lita 30 ne da ɗan injin kaɗa ruwa da fitila, to saya, irin wannan cinikin ne ke sa mutum ya tashi da kaloli goma a kuɗin biyu. In babu, kai tsaye cikin babban tankinka zasu shiga, to araha bata ado, barsu. Dalili, zowar da ta rufe ba kullum ruwa bane, wani lokaci ana cinta ne. Akwai wani ɗan dodon koɗi mara ƙoƙo da ake ce ma nudi, ƙarami ƙwarai, yana cin zowa ya ɗauki kalarta ya saje, sai da dare da tocila zaka kama shi. Ƙwansa fari ne a nannaɗe kamar gammo a wuyan kawunan, kuma maganin tsomawa irin su Coral Rx ko Revive na kashe uwar amma baya taɓa ƙwan, dole a kankare da hannu a maimaita tsomawa duk bayan kwana biyar zuwa bakwai har kamar sau huɗu. Akwai wani dodon koɗin mai zagayayyen ƙoƙo mai zanen baƙi da fari kamar dara, shi a cire shi da hantsaki kawai. Akwai gizo-gizon ruwa da ke shigewa cikin naman. Akwai kuma wasu ƙuraje farare ko rawaya da ke fitowa a wuya. Duk wannan wata guda a keɓe zai nuna maka su.

Ka ce ya turo bidiyo da farin haske, ba shuɗin nan da ke sa ko dutsen gini ya yi ƙyalli ba, kuma ya fesa musu ruwa kana gani. Sunayen nan kuma, Rasta, Eagle Eye, Utter Chaos, sunayen kasuwa ne da 'yan harkar suka raɗa, ba wani jinsi bane daban, kuma sau da yawa masu arahar sun fi masu tsadar taurin rai. Tafiyar wajen kilomita 250 ce, in Allah ya sa ba cunkoso a Nsawam da Nkawkaw awa biyar zuwa shida, zasu jure, amma a leda biyu biyu cikin kula, wato akwatin nan mai riƙe sanyi, motar dare ko ta asuba, kuma a hannun mutum. Kar a sa a but kusa da inji, kar kuma a ce da yaron mota kayan miya ne ya buɗe ya sa hannu.

In kuma daga waje kake tunanin yin oda, ka sani murjani masu ƙashin dutse suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, Gana na ciki, kuma dutsen da zowa ke manne a kai na iya jawo maganar takarda. Ka bi ta hannun wanda ya saba shigowa da su da izini.

Wani yace in faɗa masa wane abincin murjani da wane ruwan ayodin zai saya dan su yi saurin buɗewa. Ko ɗaya. Kan da ke rufe baya cin abinci, garin zai faɗi ƙasa ya zama takin gansakuka. Abin da baka da kayan auna shi kar ka zuba shi. In sun buɗe sun yi wata guda, ɗan garin abincin murjani na Reef-Roids kaɗan sau ɗaya a sati ba laifi.

Ta ƙarshe, wani ango daga Fadama yace tunda amarya ta tare zowarsa ke rufewa duk yamma, ruwa kuma ya auna komai daidai, ko maganin tsomawa zai saya. Ango Allah ya sanya alheri, ba ciwo bane, ka duba me ake kunnawa a falon bayan la'asar. Turaren wuta, feshin ɗaki, uwa uba maganin sauro na feshi ko na kunnawa, duk abin da ya tashi a iska saman ruwa na karɓa, sikima, wato injin kumfa mai fitar da datti, ita ma zuƙo iskar ɗakin take tana kaɗawa cikin tankin, kuma maganin ƙwari dafi ne ga jatan lande da sauran ƙananan halittun ciki. Haka hannun da aka shafa ma mai ko turare aka tsoma. Kar ka je ka ce da amarya ta daina turare, ba ruwana a wannan shari'ar. Ka sayi gawayin akwariyom ka dinga canzawa duk sati uku zuwa huɗu, ka ja bututun iskar sikima ta taga zuwa waje, lokacin turare a rufe tankin a buɗe tagogi, maganin sauro kuma ya koma ɗakin kwana ko ku koma gidan sauro. Ka gwada sati biyu ka rubuto min abin da ka gani.